Hadarin da Ya Riga Ya Yi Sallama

A wani zamani an yi wata maginiyar tukwane mai yawan kallon sama. Kullum kallon sama, har aka ce ta zautu. Rannan ta cinna wa tukwanenta wuta ke nan, aikin wata guda cur, sai hadari ya haɗu baƙi ƙirin a yamma.

Maƙwabciyarta ta rugo. "Yaya, kwashe su, ruwa zai farfasa su!"

Kwasa yanzu ma asara ce. Maginiyar ta dubi gabas, garau. Ta sake duba, garau.

"Ke, tafi can! Daga gabas iska ke koro mana hadari. Na yamma baƙo ne da ya riga ya yi sallama."

Ko ɗigo bai sauka ba. Tukwane suka gasu jawur, ta yi ajiyar zuciya.

Washegari maƙwabciyar ta zo aron tulu, tana satar kallon gabas.