Baƙin Zare a Shafukan Ƙarshe

"Ƙarya kake!"

Da ƙarfi na faɗa, har almakashin da ke hannunsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Wallahi ƙarya kake, ba ka taɓa karanta littafin nan ba!"

Mai Zare ya saki baki yana kallona daga bayan teburin shagonsa, inda yake ɗinke tsofaffin littattafai yana yi musu sabon bango.

"'Yar Gajimare, me kuma na yi? Tambayata kika yi yadda labarin ya ƙare, na faɗa miki. Yarinyar ta narke ta zama ruwan sama, garin ya rayu, ita kuwa ba ta dawo ba..."

"Ta dawo!"

"Ba ta dawo ba, rabin raina. Ni da na yi kwana uku ina kukanta..."

"Kar ka ƙara ce min rabin ranka!"

Na zaro littafin daga jakata na buga shi a kan teburin, har kwalbar gam ta yi tsalle.

"Ga shi nan. Buɗe ƙarshen ka ga ƙaryarka da idonka!"

Na fice. Sai da na shiga mota na tuna littafin nan bai taɓa kwana nesa da ni ba, shekara goma sha bakwai cif.

Shekarata tara lokacin da na fara karanta shi. Ina kwance a asibiti, ana jiran ranar da za a yi min aiki a ƙirji. Baba, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gidan buga littattafai ne. Shi ya kawo min shi, mai koren bango, labarin wata yarinya makiyayiyar gajimare da shamuwarta mai ido ɗaya, waɗanda suka tafi nemo wa garinsu ruwan sama.

Wayyo daɗi!

Na manta da allura, na manta da warin magani. In na ɗaga kai na ga silin, gajimare nake gani, ina kora su da sandata. Ina tsakiyar littafin Baba ya karɓe shi, wai bangon ya saki zai gyara. Kwana biyu na yi ina fushi da shi. Da ya dawo da shi na cinye sauran a wuni ɗaya, ana gobe za a shiga da ni.

A ƙarshen, shamuwa ta ɗauko yarinyar a bayanta ta sauke ta a ƙofar gida, jiƙe sharkaf. Babanta ya buɗe ƙofa ya ce, "Kin daɗe. Shigo."

Washegari na shiga ɗakin tiyata ko ɗar ban ji ba. A raina cewa nake, tunda ta dawo, ni ma zan dawo.

Littafin nan ne kuma ya haɗa ni da Mai Zare. A motar haya ya hango koren bangon yana leƙowa daga jakata, sai kawai na ji an ce, "Baiwar Allah, shamuwar nan har yanzu idonta ɗaya?"

Shi ke nan, na faɗa tarkon sonsa.

Wata takwas muna hirar littafin, kogin da ke gudu da baya, tsohuwar da ke sayar da iska a tulu. Amma duk sanda na doshi ƙarshen sai ya ce, "Bar wurin nan, yana taɓa min zuciya." Ni kuma in yi murmushi, a zatona daɗin ne ke taɓa shi.

Uwar Kwalliya ce ta zuba min gishiri a ciwo. Tare muke aiki a shagon sayar da magani, kuma tun ranar da ta ga Mai Zare ya zo ɗaukata ta zama mai son karatu dare ɗaya. Kullum da yagaggen littafin da za ta kai masa gyara.

"Ke dai kina da saurin yarda," ta ce min tana shafa hoda. "Mazan yanzu? Leƙa waya kawai ya yi ya haddace abu biyu ya zo ya sace ki. Wanda bai taɓa faɗin ƙarshen labari ba, ai bai kai can ba. Gwada shi mana."

Na gwada.

Ga abin da na samu.

Da na isa gida ido jajir, Yayana ya ji labari, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Da ma can ba ya son maganar aurenmu.

"Ban faɗa ba? Mutum ya rasa sana'a sai liƙa takarda! Wanda ya yi ƙarya a kan littafi, gobe a kan me zai yi? Umma, ki ba ni dama in je in ce masa an fasa."

Umma tana kan keken ɗinkinta. Sai na ji ƙarar keken ta tsaya.

"Me ya ce ya faru a ƙarshen?" ta tambaye ni.

"Wai yarinyar ba ta dawo ba."

Umma ta kalli allurar keken, sannan ta ce, "A ba shi kwana uku."

Kwana ukun nan ban ji daɗin duniya ba. Mai Zare ya kira ya fi sau talatin, ban ɗauka ba. Ina son shi, wannan ba na musu. Amma in tushen ƙarya ne, me zan gina a kai? Uwar Kwalliya kuwa sai rawar kai take, har da sayo min lemo wai in huce.

Ranar ta uku da hantsi aka yi sallama.

Yaya ya tare ƙofa. "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Littafinta na kawo. In an ba ni minti biyar, in na gama ko korata aka yi zan tafi."

"Bar shi ya shigo," in ji Umma daga ciki.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na kau da kai don kar zuciyata ta ci amanata.

Ya ajiye littattafai biyu a kan tabarma. Nawa, da wani irinsa sak, sai dai ya fi nawa tsufa.

"Wannan nawa ne, tun ina shekara goma. 'Yar Gajimare, don Allah buɗe ƙarshensa."

Kamar ba zan taɓa ba. Na dai buɗe.

Na karanta layi uku, na ji kaina ya sara. Yarinyar ta miƙa hannuwanta sama, ta narke... shamuwa ta koma gida ita kaɗai.

"Wannan... wannan ba daidai ba ne. An yi kuskure wajen bugawa!"

"Ni ma haka na fara zato game da naki," ya ce a hankali. "Har shaguna huɗu na zaga, duk irin nawa ne. Sai na kwance bangon naki. Ki gafarce ni, ban nemi izini ba. Duba nan."

Ya juya gadon bayan littafin, inda ɗinkin yake.

"Duk littafin da farin zare aka ɗinke shi, ɗinkin inji. Amma shafi goma sha shida na ƙarshe, kin gani? Baƙin zare ne, ɗinkin hannu. Takardar ma ta fi sauran kauri kaɗan. Wani ne ya cire ƙarshen, ya rubuta nasa, ya buga shi da haruffa iri ɗaya, ya mayar. Shekarata goma sha biyu a sana'ar nan, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba."

Na sunkuya ina duba baƙin zaren.

"Zaren kekena ne."

Duk muka juya. Umma ce, hawaye na bin kumatunta.

"Farin ya ƙare min a ranar, Babanku ya ce ba komai, ba wanda zai leƙa ciki. Ya riga ki karanta ƙarshen a bakin gadonki, kina barci. Likita kuma ya gama faɗa mana aikin nan ko a dace ko a rasa. Ya fito ya same ni a baranda ya ce, 'Wallahi 'yata ba za ta shiga ɗakin nan da labarin yarinyar da ba ta dawo ba.' Mutumin da ko wasiƙa sai ya yi ta gumi kafin ya rubuta! Kwana biyu yana fama, ya rubuta ya yaga, ya rubuta ya yaga. Ya roƙi maigidansu aka bar shi ya buga."

"Umma... shi ne ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ya ce kar in faɗa. Kuma ke da kike kwana da littafin a ƙarƙashin filo, ta ina zan fara? Shekaranjiya na so in yi magana, bakina ya yi nauyi. Na ce bari in gani ko yaron nan zai gano da kansa."

Sai a lokacin wani abu ya faɗo min.

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti, Baba ya riga mu isa gida. Shi ya buɗe mana ƙofa. Ya dube ni, ya ce...

"Kin daɗe. Shigo."

Ni kuwa na yi ta dariya a ranar, wai Baba ya kwaikwayi littafi.

Kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba tun rasuwarsa. Amma wallahi ba na baƙin ciki ba ne. Ji na yi kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Mai Zare bai yi min ƙarya ba. Littafina ma bai yi min ƙarya ba, Babana ne a ciki.

Yaya ya juya mana baya yana ta murza ido, wai ƙura ce ta shiga.

"Ka yafe min," na ce da Mai Zare, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. "Na ce maka maƙaryaci a gaban shagonka..."

"Har kika ce in buɗe in ga ƙaryata da idona."

"Don Allah ka bari!"

Ya yi murmushi, idonsa shi ma ya kawo ruwa.

"Abar ƙaunata, ni ne da godiya. Shekara ashirin ina makokin yarinyar nan. Shekaranjiya Babanki ya dawo min da ita gida."

Yaya ya yi gyaran murya. "To... Malam mai liƙa takarda. Akwai wani tsohon littafin Baba a ɗakina, bangon ya cire. In ka ga dama."

"Sai dai in an ba ni ƙanwar a matsayin ladan aiki, Yaya."

"Ka ji ɗan banza!" in ji Yaya, yana dariya.

Uwar Kwalliya kuwa, da na koma aiki na ba ta labari tas, sai ta ce ita da ma ta san mutumin kirki ne. Tun daga ranar littattafanta suka daina yagewa.

Mai Zare ya tambaye ni ko ya sake ɗinkin littafina da farin zare, ya fi ƙarfi.

"Ka taɓa baƙin zaren nan, a fasa auren!"

Bai taɓa ba. Sabon bango kawai ya yi masa, kore, ya bar ɗinkin Baba yadda yake.

Bayan wata biyu aka ɗaura aurenmu. Da motar da ta kawo ni ta tsaya a ƙofar sabon gidanmu, Umma na riƙe da hannuna, littafin na cikin jakata. An ɗan yi yayyafi, mayafina ya jiƙe.

Kafin mu ƙwanƙwasa aka buɗe ƙofar.

Mai Zare ne. Ya dube ni.

"Kin daɗe," ya ce. "Shigo."