Dodon Mataki na Tara

Sati uku mai gyaran waya yana fafatawa da dodon mataki na tara a wasan gem, kullum dodon sai ya yi wa jaruminsa fata-fata. Ran nan ya kulle shago daga ciki, ya zauna gaban talabijin yana buga gem ɗin, sai ya ji an ja kujera kusa da shi. Wani dogon mutum ne, yana warin ƙonanniyar roba.

"Malam, ta ina ka shigo?"

"Kallo kawai na zo yi," in ji baƙon. Leɓensa yana riga muryarsa motsi.

Dodon ya damƙi jarumin ya murɗe masa ƙafa. Mai gyaran ya kurma ihu, don tasa ƙafar ce ta yi ƙas. Baƙon ya kece da dariya.

"Haba ƙanina, tun yanzu? Shi jarumin naka sau ɗari uku kana mayar mini da shi. Sake dannawa."

Ya so ya yar da rimot ɗin, yatsunsa suka ƙi saki. Baƙon ya miƙa hannu a hankali, yana lanƙwasa yatsu. A cikin talabijin, dodon ma ya miƙa nasa.