Batirin Bakin Gulbi

Sufeto Na'iya ya iso Fakku da hantsi, bayansa kamar an kirɓa shi a turmi. Hanyar Kebbe ba ta ganin girman kowa, balle mai shekara hamsin da biyu.

Ofishin noman rani na Tambuwal ne ya kawo ƙara. Suna da ɗaki a bakin gulbi, ciki da akwatin rediyo da suke kira modem. Waya ce ta haɗa shi da ma'aunin ruwa, shi kuma ya tura lambobi ta iska zuwa ofis, don a gargaɗi manoma in gulbi na tasowa. Akwatin ya yi gum kwana shida, ambaliya ta zo ba sallama ta lashe shinkafar fadama. Aka tsare maigadi, tsoho Maccido, a Kebbe. Mutanen gari sun ce ko an sake shi kada ya dawo.

Almu, makanikin ofis, shi ya buɗe ɗakin.

"Aikin tsohon ne, ranka ya daɗe. Cire batirin akwatin yake yana ara wa masu lasifikar biki."

"Ka gani da idonka?"

"An dai faɗa mini."

"Ai kowa faɗa masa ake yi."

Sufeto ya durƙusa da ƙyar. Akwatin sai warin ƙuna yake. Batirin shuɗi ne, jar waya tana inda baƙa ya kamata ta zauna.

A Kebbe ya tarar da Maccido zaune a ƙasa, idanu sun faɗa.

"Baba, wa ya taɓa shuɗin batirin nan?"

"Shuɗi? Namu baƙi na, da lamba fuɗu ta farin fenti bisa."

"Yaushe rabonka da ganinsa?"

"Ran Laraba. Almu ya zo, motatai ta ƙi tashi, munka tura har munka gaji. Yas shiga ɗaki yaf fito da kaya, yac ce in tai in samo mai ruwa. Ina dawowa mota na kuka."

Sufeto ya ja tsaki. Tambaya biyu kacal, amma kwana huɗu ba wanda ya yi wa tsohon nan su!

La'asar sakaliya ya shiga garejin ofis a Tambuwal.

"Almu, buɗe mini bonet ɗin motarka."

"Ranka ya daɗe, makullin..."

"Na gaji, Almu. Buɗe."

Ga baƙin batir nan zaune, lamba huɗu raɗau.

Almu ya jingina da mota. "Musanya na yi, wai kashegari in mayar. Ashe kawunan batirin motar a juye suke. Ban duba alama ba, na ɗaura wayoyin yadda na saba. Sai ƙaf, hayaƙi. Daga Ingila aka kawo akwatin nan, ranka ya daɗe, in na faɗa aikina ya tafi."

"Shi ne ka ga wuyan tsoho ya fi sauƙin yanka."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa.

Washegari Sufeto ya koma Kebbe, ya miƙa wa Maccido takardar saki. Tsohon ya juya ta, ya mayar masa.

"Ɗana, a Fakku wa ka karanta wagga? Shinkafarsu ta tafi, kuma ni sunka sani. In ba kai kat tsaya bakin masallaci kaf faɗi da bakinka ba, gara ka bar ni nan."

Sufeto ya dafa ƙugunsa, ya tuna ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki hularsa.

"Tashi, Baba. Mu je mu sami azahar."