Ranar da Firjin Asibiti Ya Yi Shiru

A ƙarshen wani layi akwai ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Katanga ɗaya ce ta raba shi da makarantar firamare. A asibitin nan mahaifiyar wata yarinya take aikin jinya. Shi ya sa 'yan ajinsu suke kiran yarinyar 'Yar Nas, har sunan ya bi ta gida.

'Yar Nas tana aji biyar. Tana da ƙoƙari, amma akwai ta da garaje. Kafin a gama ba ta saƙo, ta riga ta kai ƙofa.

Kullum idan an tashi daga makaranta, sai ta shiga asibitin ta jira Umma su tafi gida tare. Ɗakin ƙurya ta fi so. Babu komai a ciki sai tebur da kujera ɗaya, da wani farin firji. Firjin nan ba ya hutawa. Kullum yana ƙugi a hankali, zuuu. A saman soket ɗinsa an rubuta da jan fenti: KADA A CIRE.

Wata rana ta tambaya, "Umma, me ke cikin firjin nan?"

"Allurar rigakafin jarirai," in ji Umma. "Gwamnati ce take aiko mana kyauta, sau ɗaya a wata."

"Me ya sa sai a firji?"

"Idan ta sha zafi, ta mutu. Abin tsoron kuma, matacciya da mai rai kamarsu ɗaya. Sai ki yi wa yaro, ki ɗauka kin kare shi, alhali ba ki yi masa komai ba."

Ranar Juma'a da yamma, Umma ta ba ta waya ta yi wasa kafin ta sallami marasa lafiya. Wasan ya yi daɗi. Ana dab da cin wasa, sai wayar ta nuna caji ya ƙare.

'Yar Nas ta duba ɗakin. Soket ɗaya ne tak. Ta kalli jan rubutun, ta kalli wayar.

"Minti biyar kawai," ta ce a ranta.

Ta zare filogin firji, ta sa caja. Ƙugin ya tsaya. Ita ko a jikinta, hankalinta yana kan wasa.

Can sai ta ji muryar Umma. "Ke, fito mu tafi! Hadari ya haɗo!"

Ta fizge caja, ta suri jakarta, ta fita da gudu. Umma ta kulle ƙofa. Asabar da Lahadi ba a buɗe asibitin.

Asabar ta wuce lafiya. Ranar Lahadi da rana suna zaune a falo suna cin abinci. Kaka tana wasa da ƙanen 'Yar Nas, wani jariri mai kumatu da ake kira Ɗan Lukuti.

"Na ji an ce ƙyanda ta shigo unguwar bayanmu," in ji Kaka. "Yara uku a kwance."

"Haka ne," in ji Umma. "Shi ya sa na ƙagara gobe ta yi. Ɗan Lukuti ya cika wata tara. Allurarsa tana nan a firji tana jiransa."

'Yar Nas ta tuna filogin da ta bari a ƙasa. Cokalin da ke hannunta ya suɓuce.

"Ke kuma lafiya?" in ji Kaka.

"Lafiya lau."

Da aka tashi kai wa Baba Maigadi abinci, ita ta riga kowa miƙewa. Baba Maigadi dattijo ne, shi ke tsaron ƙofar asibitin. Ta same shi a kan bencinsa.

"Baba, na manta littafina a ciki. Don Allah ara mini makulli."

Ya miƙa mata. "Yi sauri, jikata."

Ba ta taɓa shiga asibitin babu kowa ba. Bencina sun yi layi, babu mai zama. Tagogi a rufe. Wani labule yana motsi shi kaɗai, ko da yake ba ta ji iska ba. Takun takalminta yana dawo mata, kamar wani na biye da ita. Ta waiwaya. Babu kowa.

Ta tura ƙofar ɗakin ƙurya. Shiru. Irin shirun da ba ta taɓa ji ba.

Ruwa ya malalo daga ƙarƙashin firjin har bakin ƙofa. Ta tsallaka, ta buɗe shi. Maimakon sanyi, ɗumi ne ya bugi fuskarta. Ƙananan kwalabe suna jere, kowace da murfinta. Ba su canja launi ba. Ba su fashe ba. Suna nan yadda suke, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro.

Ta mayar da filogin. Firjin ya yi gyatsa, ya girgiza, ya kama ƙugi. Ta ɗauko tsumma ta goge ruwan tas. Ta fito ba ta waiwaya ba.

"Ina littafin?" in ji Baba Maigadi.

"Ban gan shi ba."

Ya ƙura mata ido. "Kin ga fuskarki kuwa? Ko wani abu kika gani a ciki?"

"Ba komai, Baba."

Washegari da safe suka taho tare da Umma. Umma ta buɗe firji, ta duba ma'aunin sanyi. Firjin ya kwana yana aiki, sanyi ya dawo.

"Madalla," in ji Umma. Ta rubuta a takardar da ke manne a ƙofarsa.

'Yar Nas ta tsaya a bayanta.

Umma ta juyo. "Me kike jira? Za ki makara."

A aji, Malama tana koyar da lissafi. 'Yar Nas ba ta jin komai. Kujerar da ke kusa da ita babu kowa. Ta ƙawarta ce, wadda ta kwana biyar ba ta zo ba. Ƙanwar ƙawar ce ke kwance da ƙyanda, idanunta ko buɗuwa ba sa yi.

Ta taga tana hango saman katanga. Kawunan iyaye mata ne a layi, kowace da goyonta. A gaba-gaba ta hango ɗankwalin Kaka.

Sai ta fara jin ƙugin. Zuuu. A hankali, kamar daga ƙarƙashin teburinta. Ta leƙa. Babu komai. Ta toshe kunnuwa. Ƙugin ya ƙaru.

Ta ɗaga hannu. "Malama, kina jin ƙarar nan?"

"Wace ƙara?"

Yara suka yi tsit suna saurare. Babu wanda ya ji komai. Wasu suka fara dariya.

Malama ta matso, ta taɓa goshinta. "Jikinki sanyi ƙalau, amma ga gumi. Zo waje."

A bakin aji Malama ta durƙusa daidai tsayinta. "Faɗa mini. Me ke damunki?"

"Malama, idan mutum ya yi laifi, kuma babu wanda ya gani..."

"Laifin zai cuci wani?"

'Yar Nas ta fashe da kuka. "Zai cuci ƙanena. Zai cuci dukansu." Ta faɗi komai, daga wasan waya har goge ruwa.

Malama ta miƙe tsaye. "An fara allurar?"

"Ban sani ba."

"To, yau gudunki zai yi amfani. Ruga! Ga ni nan bayanki."

Ta ruga. Ta wuce Baba Maigadi, ta kutsa cikin layi. Kaka tana zaune a kujera, Ɗan Lukuti a cinyarta. An naɗe masa hannun riga. Umma ta riga ta zuƙi magani a sirinji.

"Umma, tsaya! Kar ki yi masa!"

Kowa ya juyo. Umma ta tsaya da hannu a sama.

"Na cire firjin," in ji 'Yar Nas tana haki. "Ni na cire shi. Na sa cajin waya, na manta."

Umma ba ta yi tsawa ba. Ta ajiye sirinjin a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a da yamma."

"Yaushe kika mayar?"

"Jiya da la'asar."

Umma ta rufe ido. "Kwana biyu cur." Ta kalli akwatin kwalaben. "Kuma Ɗan Lukuti ne na farko. Ban yi wa kowa ba tukuna. Allah na gode maka."

Ta kama hannun 'yarta. "Taho. Tare za mu faɗa musu."

Suka tsaya gaban layi. Umma ta ɗaga murya. "Iyayena, ku yi haƙuri. Yau babu allura. Firji ya tsaya kwana biyu, ba zan yi wa 'ya'yanku abin da ban yarda da shi ba. Ni ma da laifina, ni na bar yarinya a ɗakin."

Wurin ya kaure da surutu. Wata mata mai tagwaye ta matso. Ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa.

"Tun asuba na taso a ƙafa," in ji ta. "Yanzu haka zan koma da su? Ga ciwo yana yawo?"

'Yar Nas ta durƙusa. "Inna, ni ce na yi. Ki yafe mini."

Matar ta kalle ta. "Tashi," ta ce. "Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma gara na koma haka da a yi musu ta banza." Ta gyara goyonta ta juya.

Da rana wani jami'in lafiya ya zo a kan babur. Ya ƙirga kwalaben, ya zuba su a kwali, ya ɗaure.

"Rabon yara arba'in ke nan," in ji shi. "Za mu nemo wasu, amma sai nan da kwana goma."

Ya sa aka kawo mai gyaran wuta. Aka yi wa soket ɗin akwati da kwaɗo.

A gida Umma ta ce, "Ke da waya sai an yi hutu. Ranar Asabar kuma za ki bi ni gida-gida, mu faɗa wa mutane sabuwar rana."

"To, Umma."

Sun yi yawon. Ƙafafunta suka yi ciwo. Amma ba wannan ne ya fi damunta ba. Ɗan Lukuti ne. An hana fita da shi ko ƙofar gida. Kowace safiya 'Yar Nas takan ɗaga rigarsa ta duba cikinsa. Takan duba bayan kunnuwansa, ko ƙuraje sun fito.

"Ke, ki bar mini angona ya sha iska," in ji Kaka. "Kin mai da shi kayan kasuwa, sai juya shi kike yi."

A rana ta shida jikinsa ya yi zafi. Ya ƙi nono, sai kuka. 'Yar Nas ta kasa cin abinci. Ta zauna bakin ƙofa tana jiran Umma ta dawo.

"Umma, ƙyandar ce ko? Ni na jawo masa ko?"

Umma ta wanke hannu. Ta duba idanunsa, ta duba jikinsa. Sannan ta buɗe bakinsa. Ta yi murmushi.

"Zo ki gani."

Wani ɗan farin abu ya leƙo a dasashinsa.

"Haƙori ne," in ji Umma. "Zan ci gaba da lura da shi, amma ban ga alamar ƙyanda ba."

'Yar Nas ta zauna daɓas a ƙasa. Kaka ta yi ta dariya har da hawaye.

A rana ta goma motar magani ta iso. Malama ta ba 'Yar Nas izini ta je. Layi ya fi na da tsawo. Mai tagwaye ma ta dawo, har ta ɗaga mata hannu.

Wannan karon 'Yar Nas ce ta riƙe ƙanenta. Umma ta goge hannunsa da auduga, ta tsira allura. Ɗan Lukuti ya callara ihu, har Baba Maigadi ya leƙo. 'Yar Nas ta rungume shi tana dariya, hawaye na zuba.

Umma ta cika katinsa ta miƙa mata. "Kin san abin da ya fi tsaya mini a rai? Da kin yi shiru, da na yi wa yara arba'in allura, na sallame su, ina murna. Da sai ciwo ya kama su za mu sani."

"Na ji tsoro ne, Umma."

"Na sani. Amma kin faɗa, kuma kin faɗa a kan lokaci."

Daga ranar 'Yar Nas ta gane abu biyu. Kayan asibiti na kowa ne, ba a taɓa su don wasa. Kuma idan ka yi kuskure, kada ka goge shi ka yi shiru. Ka faɗa da wuri, ko da muryarka tana rawa.