Mai Sayen Ranar Talata

Muzdalifa ta sake danna bidiyon da Anwar, saurayin da za ta aura, ya turo mata. Ita ce dai, ba wata ba, faranti a ka cike da ƙullin yaji, tana kai da kawowa a ƙofar makarantar 'yan matan da take koyarwa a Bungudu.

Ta mayar da wayar kunne. "Wa ya ɗauke ni?"

"Aziza, ɗiyar ƙanwar Hajiyarmu. Za ta biki Furfuri ta gan ki."

Aziza dai, Allah ya shirye ta, ta daɗe da sa wa Anwar ido, kowa ya sani.

"Darasi fa nake yi, Anwar... yadda ake tallata kaya nake nuna musu."

"Na sani, rabin raina. Na yi bayani har bakina ya bushe. Hajiya ta ce gidanmu da aikin gwamnati aka san shi a Gusau, ba za a kawo mata 'yar talla ba. Ta dakatar da kai lefe."

"Anwar..."

"Kuma ta fito tun ɗazu. Makarantarku ta nufa."

Ta sauke wayar. Ita fa abin da ya ja mata ke nan, ta ƙi tsayawa gaban allo ta yi ta zuba yara na gyangyaɗi. Sai ta mayar da ajin kasuwanci kasuwa, waɗannan na daka yaji, waɗancan na haɗa turaren wuta. Duk Talata takan kawo baƙuwa ta zama mai saye, yara su gwada kansu. Yau kuwa Talata, kuma ta yi musu alkawarin mai saye mai faɗa. Maƙwabciyarta Inna Saude ce ta yarda za ta yi, ga shi har yanzu shiru.

Ta shiga aji. Ko zama ba ta yi ba Hajiya Ma'u, mahaifiyar Anwar, ta danno kai, fuska a murtuke.

"Ina mai farantin?"

"Mai saye ta iso," yara suka hau raɗa, suna gyara tebura.

Muzdalifa ta yunƙura za ta tarbe ta. Sai Halimatu Sadiya ta miƙe, yarinyar garin Rawayya da a farkon shekara ko sunanta ba ta iya faɗa a aji.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ga kujera, ga ruwa. Duk abin da aka yi miki, a zaune za a fi gyara shi."

"Ke, ba wurinki na zo ba."

"To, Hajiya. Ko ba ki saya ba, ɗan shinshina wannan."

Muzdalifa ta runtse ido tana salati a zuci. Shi ke nan, aure ya watse.

Abin da yarinyar ba ta sani ba, Hajiya ba ta iya ganin turare ta wuce. Ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Wa ya haɗa wannan? Sukari ya yi yawa, ƙauri zai yi. Kuma wa ya ce muku a leda ake zuba turare? Kwalba ake sa wa."

"Mun gode, Hajiya. Wane itace ya fi riƙe ƙamshi?"

Hajiya ta ja kujerar ta zauna. Ta kushe, ta taya, ta yi barazanar tafiya, Halimatu na lallaɓa ta da murmushi, sauran sun zagaye su suna jefo tambayoyi. Muzdalifa na tsaye jikin bango tana kallo.

Ana cikin haka Inna Saude ta faɗo tana haki. "Malama, na makara. In fara faɗan?"

Hajiya ta juyo ta kalli Muzdalifa.

Muzdalifa ta durƙusa gaban Hajiya ta zayyane mata komai, hawaye na zuba. "Ki yi haƙuri, Hajiya. Sun ɗauka ke ce baƙuwar darasi."

"Wato ni ce mai faɗan."

Hajiya ta daɗe tana kallon Halimatu.

"Wagga yarinya, wa ya koya miki tarbar mutane haka?"

"Malama ce... da faranti ta fara nuna mana."

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi ta nufi waje. Muzdalifa ta bi ta a baya. Sai a bakin ƙofa Hajiya ta tsaya.

"Ɗiyata, turaren da za a sa cikin lefenki su za su haɗa. Amma ni zan tsaya a kansu, ba zan kai ƙauri gidan iyayenki a Tsafe ba."

Motar Hajiya na tashi waya ta yi ƙara. Anwar ne.

"Muzdalifa, ya ake ciki? Don Allah yi magana..."

Ta share hawaye tana dariya.

"Masoyina, ka samo mana kwalabe kafin Talata."