Igiyar da Ba a Ja Ba

Ƙarfe goma da kwata na safe waya ta yi ƙara a ofishin 'yan sanda. Bindiga ta fashe a filin gwajin harbi da ke bayan gari, kan hanyar Udaipur, mutum ɗaya ya mutu.

Insifekta Hemlata Charan ta ture kofin shayinta. "Saje Dalpat, tada mota."

"Ranki ya daɗe, ko loma ɗaya ban kai ba."

"Tumbin nan naka zai riƙe ka har gobe. Mu je."

Mamacin shi ne Mangilal Sikligar, tsohon maƙerin bindigogi irin na kakanni, masu dutsen ƙyastu da albarushi. Guntun bututun bindigar ne ya same shi a wuya. Can gefe ga tsohuwar tayar tarakta, da doguwar igiya a naɗe a kanta.

"Me ya hana shi ɗaure bindigar a taya?" Hemlata ta tambayi Hukam Singh, tsohon sojan da ke gadin filin. "Harbin farko ai daga nesa ake jan kunama da igiya. Kowa ya san haka."

"Ƙi ya yi. Wai surukarsa Narayani ce ta ƙera, kuma shekara arba'in yana leƙa bututu bai ga mai kyan wannan ba. Ya ce ba zai ci mutuncin aikinta da igiya ba."

"Su wa ke wurin?"

"Ni da ita, sai babban ɗansa Bhairulal. Shi kam har magiya ya yi, Baba ka ɗaure, Baba ka ɗaure. Tsohon na ɗaga hannu ya ruga bayan katanga."

"Kafin harbin?"

"Kafin. Amma abin da ya tsaya min a rai, babu hayaƙi. Albarushi in ya tashi sai ka daɗe ba ka ganin na kusa da kai, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan kuwa tas! Shi ke nan."

Hemlata ta zura yatsa cikin guntun bututun. Da ƙyar ya yi baƙi. Ta ɗauki ƙahon albarushin da ke yashe a ƙasa ta miƙa wa Saje.

Gidan Mangilal ya cika da kuka. A ƙofa wani ƙaton mutum ya tare su, idanunsa jawur. Bhairulal ne.

"Ku tafi da Narayani! Tun da ƙanena ya mutu na ce ta koma gidan ubanta. Mace da maƙera? Ga shi ruɓaɓɓen ƙarfenta ya kashe mana uba. 'Yar da ta haifa wa ƙanena kuma tamu ce, a nan za ta zauna."

"Ka ga lokacin da ta fashe?"

"Ina zan gani? Hayaƙi ya turnuƙe ko'ina."

Hemlata ta dube shi, ta wuce.

Narayani na zaune a ƙasa cikin maƙera, hannunta duk ƙuna. 'Yarta Kesar, 'yar wata goma, tana rarrafe tsakanin guduma da awartaki. Uwar na amsa tambaya, idonta na kan yarinyar.

"Wa ya cika ƙahon?"

"Ni, jiya da yamma. Daga tulun Baba na ɗiba."

"Daga nan fa?"

"Na kai shi ɗakin bauta tare da bindigar. Sabon makami sai ya kwana gaban gunkin Uwar Gida da muke bauta wa kafin ya ga wuta." Ta dubi Kesar. "Ranki ya daɗe, in za ku kulle ni, ku bar ni da ita. Ba ta karɓar komai sai nono."

"Ban ce zan kulle kowa ba tukuna. Saje, ruwa a kofin gilashi."

Hemlata ta kasa zama. Ta kai ta kawo har ruwan ya iso, sannan ta zazzaga garin ƙahon a ciki ta juya da cokali. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, albarushin ya narke. Amma wasu 'yan ɓarɓashi masu ruwan toka suka taso sama, suka ƙi narkewa.

Narayani ta leƙa. "Wannan ba namu ba ne. Garin harsashin zamani ne! Ba bututun ƙira da zai iya ɗaukarsa."

"Wa ke da bindigar zamani a gidan nan?"

Kafin ta amsa, Hemlata ta yi tsalle ta durƙusa gaban Kesar. Ita ma tana da mai rarrafe a gida, ta san shirun yaron da ya samu abin sawa a baka.

"Kawo, 'yar albarka. Tofar. Yauwa."

Kwanson harsashi ne ja, sharkaf da yawu. Yarinyar ta tsala ihu, uwar ta sure ta tana share mata baki da gefen mayafi.

"Daga ina ta jawo shi?"

Saje ya kwanta rub da ciki yana nishi, ya zura hannu ƙarƙashin akwatin gawayi. Ya fito da wasu guda biyar.

Hemlata ta sa aka kira Bhairulal. Ta jera kwanson a kan uwar maƙera.

"Naka ne?"

"Nawa ne. Aladun daji nake kora a gona, ina da lasin. Tsofaffi ne, na harba su tuni."

"Juya gindinsu. Harsashin da aka harba yana da tabon kunama. Ina tabon?"

Ya juya su, babu tabo ko ɗaya.

"Bakinsu kuma da wuƙa aka yanka, aka zazzage garin ciki. Wa ke riƙe da makullin ɗakin bauta?"

"Ni ne babba, dole..."

"Ka ce min hayaƙi ya turnuƙe. Hukam Singh yana tsaye bai ga hayaƙi ba. Kai ba ka ga komai ba, kana bayan katanga. Tun kana yaro kake tsayawa kusa da ubanka in zai yi harbi. Yau me ka guda?"

Bhairulal ya zube jikin bango.

"A taya za ta fashe," ya ce da ƙyar. "A taya! Kullum da igiya yake yi, kullum. So nake ya gani da idonsa aikinta banza ne, ya fasa ba ta maƙerar. Ni ne ɗansa, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga bindigata ya yaba ba. Na roƙe shi ya ɗaure. Sau uku na roƙe shi!"

"Kalma ɗaya ta rage ka faɗa masa, ka ce akwai abu a ƙahon. Ka zaɓi gudu. Kuma da ka bar matar nan ta tafi kurkuku, ka raba ta da jaririya."

Saje ya ɗaura masa ankwa. Masu makoki suka dare gida biyu aka wuce da shi.

Narayani na tsaye rungume da Kesar. "Ranki ya daɗe... ashe bututuna ba shi da aibi?"

"Ba shi da. Tsohon bai yi kuskuren gani ba."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Hemlata ta jira ta ɗan lafa, sannan ta nuna ƙasan maƙerar da sandarta.

"Ki share wurin nan tas kafin ki sake sauke ta. Komai ta gani baki take kaiwa."