Zobe a Tiren Ɗakin Hoto

"Ke?!"

Abin da Mama ta iya cewa ke nan da ta gan ni a ƙofar ɗakin hoto na asibiti. Mahaifiyar tsohon saurayina ce. Ita ta raba mu, wai na'urar da nake aiki da ita ta ƙone mini mahaifa, ta aura masa 'yar ƙanwarta, wadda ta kitsa zancen.

Ga amaryar a keken marasa lafiya da tsohon ciki, ta dafe gefen hagu tana nishi. Shi yana tura ta, ya kasa kallona.

"Ba za a cusa jikana a ramin nan ba!" in ji Mama.

"To ku koma gida," na ce a hankali. "Likita ya zaɓi wannan na'urar ne don da maganaɗisu take aiki, ba ta cutar da jariri. Amma ai kin fi mu sani..."

Amaryar ta ƙwalla ƙara.

"'Yata... don Allah!" in ji Mama.

"Yau ni ce 'yarki, Mama? Faɗi gaskiya a gaban ɗanki."

Ta sunkuyar da kai. "Sharri muka yi miki."

Na miƙa tire. "Duk wani ƙarfe a cire. 'Yan kunne, sarƙa, fil ɗin ɗankwali."

Na kwantar da amaryar, na'urar ta fara bugu kamar ana ƙira. Ta lasifika na ce, "Riƙe numfashi."

Zuciyata ta ce in bar ta haka, ta ɗan ɗanɗana. Sai ga ɗan ƙaramin kan jaririnta a fuskar kwamfuta.

"Saki..."

Likita ya nuna musu hoton. "'Yan aljihu ne suka fito a jikin babban hanji, ɗaya ya kumbura. Bai fashe ba. Magani ya isa, ba sai tiyata ba."

Ina gyara gado tsohon saurayin nawa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Abar ƙaunata... wallahi ban taɓa daina sonki ba!"

Na fito na jawo aljihun teburina. Zoben da ya ba ni yana nan, tunda ba a shiga ɗakin da ƙarfe. Kullum sai na duba shi kafin in tashi daga aiki.

Na sake shi cikin tiren, ya faɗa kan sarƙar matarsa.

"Kwashe kayanku, Malam. Akwai masu jira."